Ruwan Ɗumin Talata da Masu Bin Sawunmu

Na tsoma ƙafar dama a tafkin ninkaya na garinmu wata safiyar Talata, sai na ji abin da rabona da ji tun ina yarinya, ranar da yayana ya tura ni cikin magudanar bayan gidanmu a tsakiyar hunturu. Ban yi ihu ba. Macen da ta haura saba'in da biyar, ta kuma ƙarar da rabin rayuwarta tana koyar da lissafi a sakandare, ba ta ihu a bainar jama'a. Na dai janye ƙafar, na dube ta, na tabbatar har yanzu tawa ce.

Masu bin wannan fili sun san Talata ranar ruwan ɗumi ce. Da safe ake ƙara wa tafkin zafi saboda mu, masu ciwon gwiwa da ƙugu da kafaɗa, mu shiga mu yi ta ɗaga hannu muna saukewa kamar agwagin da suka manta abin da ya kawo su. Babu kyan gani, na yarda. Amma wanda ya shigo yana jan ƙafa, da takunsa yake fita.

"Kada ki shiga, Aaltje," in ji ƙawata Hilke, wadda ta riga ni zuwa, ta kuma tsaya a gefe sai da ta ga na tsoma ƙafar tukuna ta yi magana. "Je ki karanta bango. An ce ba ma nan."

A jikin bango an manna takarda mai tambarin majalisar gari. Ta ce bisa nazarin halayyar masu ziyartar shafin majalisa na intanet, an gano jama'a ba su da sha'awar ruwan ɗumi. Saboda haka an dakatar da ɗumama ruwan na gwaji, kuma majalisa za ta yanke hukuncin ƙarshe a zamanta nan da mako shida. An gode mana da fahimta.

Mu wajen talatin ne a tsaye gaban takardar, cikin kayan wanka, muna karkarwa, kowa ya kai hancinsa jikin bango saboda tabarau na can cikin akwatin ajiya, muna karanta labarin rashin sha'awarmu.

Mutum ɗaya ne ya riga kowa barin wurin. Roelof, maƙwabcina na jikin bango, tsohon mai gyaran kwalekwale da ya haura tamanin, ya juya keken da yake dogarawa ya koma ya sa kayansa. A hanyar gida ina tura kekena a gefensa cikin yayyafi, sai da muka wuce gada ya buɗe baki.

"Maƙwabciya, kin san matakalar gidana."

"Na san ta. Tsani ne aka yi wa fenti."

"Talata da Laraba ina hawanta kamar saurayi. Zuwa Asabar sai na huta a tsakiya. Litinin da rarrafe. Sai Talata ta zagayo ta ɗinke ni." Ya tsaya ya gyara hularsa. "'Yata Annemiek ta riga ta je ta duba min ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita. Har hoton lambun ta turo. Ta ce ranar da na kwana a kujerar falo don na kasa hawa, ranar za ta zo da motar kaya. Kuma 'yata ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Uwarta ta biyo."

A gidan nan aka haife shi, a nan matarsa ta rasu. To kun ji abin da ke cikin wannan ruwa, ban da gwiwoyinmu.

Washegari na sa rigar sanyita ta zuwa biki na nufi ofishin majalisa. Na je da niyyar ganin Mai Girma Sarkin Tsimi, wanda Allah ya ɗora wa nauyin rage kashe kuɗin gari, amma aka ce ya tafi taron kwana uku a wani otal na bakin teku, inda ake koya musu dabarun rage kashe kuɗi. Sai aka tura ni wurin wanda ya haɗa rahoton, wanda zan kira Sarkin Duba. Ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifiyarsa na raye, kuma a rumfa ɗaya muke sayen cuku.

Ina shiga ya miƙe zumbur, hannunsa ya tafi gyaran wuyan riga. Mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, sanƙo ya fara masa sallama, amma nan take na gane shi. Layi na uku, kusa da taga. Yaro mai ladabi da tsabtar rubutu, wanda kusan duk aikinsa sai na rubuta a ƙasa da jan biro: "Babu tunani a nan. A sake."

"Malama," ya ce. "Bismillah, zauna. A kawo kofi?"

"A kawo ruwan zafi. A tafki."

Ya yi dariyar da ake wa manya, ya juyo min da wani allo mai faɗin ƙofar ɗaki. Ya ce majalisa ta sayi manhaja mai bin sawun duk wanda ya shiga shafinta. Tana sanin daga wane ɓangaren gari ya shigo, me ya danna, ina kibiyar linzamin kwamfutarsa ta tsaya a kan allo, yaushe ya gaji ya fita. Sannan ta zana taswira: inda jama'a ke turmutsutsu ya yi ja, inda ba kowa ya yi shuɗi. Ya nuna min shafin ranakun kwashe shara, ja kamar garwashi. Shafin izinin ajiye mota, ja. Sai shafin ruwan ɗumi, shuɗi kamar leɓunan Hilke a safiyar jiya.

"Komai tana gani, Malama."

"Tana ganin tafki?"

"Tana ganin shafin tafki."

"Tafkin kansa ga rufinsa can ta tagarka, ƙetaren dandali. In ka tashi ranar Talata, kafin kofinka ya huce ka je ka ƙirga mu ka dawo."

Ya sunkuyar da kai. "Ai ke kika hana mu, Malama. Kin ce 'na gani da idona' ba hujja ba ce. Kin ce a kawo lamba."

Na faɗa. Shekara da shekaru ina faɗa, da alli a hannu, har da buga tebur. Ban taɓa zaton a cikin ɗaruruwan yaran da suka yi barci a ajina akwai wanda yake saurare ba.

Na ce to ƙofar shiga tafkin fa, ba ta ƙirga mutane? Ya ce tana ƙirgawa, ranar Talata huɗu ko biyar take samu. Na bayyana masa cewa keken dogarawa ba ya wucewa ta ƙofar ƙarfe mai juyawa, shi ya sa matar da ke tsaron wurin take buɗe mana ƙofar gefe, mu kuma duk mu bi ta nan don kada hira ta katse. Ya waiwaya ya dubi ƙofar ofishinsa, ya rage murya.

"Ban ji wannan ba, Malama. Ƙofar gudun gobara ce. In ta shiga rahoto, za a sa mata kwaɗo, matar kuma a ba ta takardar gargaɗi."

Sai ya ce akwai abin da ya daɗe yana ɗaure masa kai. A da mutanen unguwarmu ta tsohuwar tashar jiragen ruwa suna leƙa shafin tafkin, don duba ranakun hutu da irinsu. Hunturu biyu da suka wuce sai suka fara ɓacewa kaɗan-kaɗan, har babu saura.

"Na zaci mutuwa ce," in ji shi. "Har na tambayi masu rajistar mace-mace, suka ce duk kuna nan. Daga baya na gane. Kin san akwatin nan da ke faɗowa in an buɗe shafi, mai tambayar ko mutum ya yarda a bi sawunsa? Duk wanda ya danna 'Ban yarda ba', doka ta hana mu ganinsa. A wurin manhaja bai taɓa zuwa ba. Abin mamakin shi ne unguwa guda ta ƙi a lokaci ɗaya."

Na ce lallai abin mamaki ne.

Ya dube ni irin kallon da nake wa ɗalibin da ya ce iska ta kwashe aikin gidansa a kan keke.

Masu dogon tunani a cikinku za su tuna cewa hunturu biyu da suka wuce na buɗe aji a ɗakin karatu na unguwa, duk Alhamis da yamma, kyauta, don koya wa tsofaffi kare kansu a intanet. Darasi ɗaya ne tak a ajin: in akwatin ya faɗo, a nemi ƙaramin rubutun da suka ɓoye a ƙasa, a ƙi. Har a wannan fili na yi rubutu a kai, na kira masu danna 'Na yarda' da sunan da ba zan maimaita ba. Ban taɓa samun ajin da ya ci jarrabawa gaba ɗayansa ba sai wannan.

Kuma ku dubi mutanen da na koya wa ɓuya. A titinmu ba a sakin labule. Duk mai wucewa yana ganin abin da muke ci da yamma, da tashar da muke kallo, da wanda ya yi gyangyaɗi da baki buɗe. Hilke ta san ranar da na sauya fitilar falona kafin in gaya mata. Mu ne muka tashi haiƙan don kada wani inji a wata ƙasa ya san mun duba ranar hutun tafki.

Har gobe ina nan a kan bakata cewa ba ruwan kowa da inda kibiyata ta je. Abin da ban lissafa ba shi ne shugabanninmu, Allah ya ƙara musu basira, sun daina leƙa taga.

Kafin in fita Sarkin Duba ya ce in shafin ya yi ja kafin zaman majalisa, shi zai kai maganar gaba. In bai yi ba, ba shi da abin riƙewa.

Na tara manyan bakunan unguwa a falona. Na zuba kofi, na zagaya da gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya kamar yadda aka saba, sannan na ajiye gwangwanin a tsakiyar tebur ban rufe ba. Nan kowa ya gane magana ce babba. Na yi musu bayani, na ce daga yau za mu riƙa danna 'Na yarda'.

"Maimaita," in ji Hilke. "Kunnen da ba ya ji ne a wajenki."

"Na ce mu danna 'Na yarda'."

"Wato abin da kika ce mana sai wawa ke dannawa."

"Yanayi ya canza."

"Yanayi ne ya canza, ko Malama ce ta yi kuskure?"

"Ɗauki biskit, Hilke."

"Na biyu? Lallai kin yi kuskure."

Ranar Alhamis na koma gaban allo a ɗakin karatu na tsara abin yadda ya kamata, don ni ba na aikin sakaka. A buɗe shafi, a yarda, a danna wasanni, a danna tafki, a danna ruwan ɗumi, a zauna a kai gwargwadon dafa ƙwai, a rufe. Wani ya tambayi wane lokaci. Na ce bayan kofin safe, in ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya, don kada kowa ya manta. Muka yi ta maimaitawa har sai da kowa ya iya ba tare da kallon allo ba.

Ku sani, waɗannan mutane ne da in an gayyace su ƙarfe uku, za su tsaya a bakin ƙofa su jira agogo ya cika kafin su danna ƙararrawa. Roelof ya ɗauko agogon dafa ƙwai na marigayiya matarsa ya ajiye gefen kwamfuta. Kullum in ƙararrawar coci ta buga, sai titinmu ya yi tsit. Ta tagogi kana ganin kawuna masu furfura sun sunkuya a tare. Na ji daɗi har raina. Na ce ashe ban tsufa da koyarwa ba.

Bayan mako biyu na koma ofishin, wannan karon har da ɗankunne. Na tarar da Sarkin Duba idonsa ya faɗa. Ya juyo allon. Shuɗi.

"An kawo mana hari, Malama," ya ce. "Kullum sha ɗaya daidai, har Lahadi, wasu injuna wajen talatin suke afka wa shafin ruwan ɗumi. Hanya ɗaya suke bi, babu kuskure ko ɗaya, su zauna lokaci ɗaya, su fita a tare. Manhajar ta gane ba mutane ba ne, ta tace su ta zubar. Ɗan Adam ba ya haka. Yana makara, yana danna abin da bai yi niyya ba, yana mantawa. Sarkin Tsimi har ya ɗauko masana tsaro daga babban birni. Suna otal yanzu haka, a kuɗin gari, suna binciken ko daga ƙetare ne."

Na ce daga ƙetaren gada ne.

Ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe sai ya ce, a duk unguwarmu mai ziyara ɗaya ce kawai manhajar ta yarda mutum ce. Ya ce manhajar ba ta ajiye suna, amma tana ajiye motsin kibiya kamar fim, in ina so in gani.

Da na sani da na ce ina sauri.

Kibiyar ta shigo a makare, sha ɗaya ta daɗe da wucewa. Ta yi ta zagaye kamar ƙudan da ya shiga kwalba. Ta danna hoton wani yaro mai iyo, ba abin da ya faru, ta sake dannawa, ta sake. Ta faɗa shafin harajin karnuka. Ta fito, ta faɗa na makabarta, ta fito da gudu. Sai ta tsaya cak a kusurwa, ta daɗe ba motsi, kuma ni kaɗai a ɗakin na san madara ce ta tafasa ta zube a kan murhu. Ta dawo a fusace ta yi ta dukan wani maɓalli kamar mai kashe kyankyaso.

Gaskiyar ita ce a kwamfutar ɗakin karatu na tsara darasin, a gida kuwa ƙaramin allon da jikata ta ba ni nake amfani da shi, kuma a cikinsa komai ya sauya wuri. Ban taɓa gwadawa ba kafin nan. Malami ba ya yin aikin gida, bayarwa yake.

Daga ƙarshe kibiyar ta shiga gurbin bincike, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya a kan wannan ƙaton allo: "Babu tunani a nan. A sake."

Sarkin Duba bai dube ni ba. Allon yake kallo.

"Ko ba jan biro na san hannun, Malama," ya ce a hankali. "Manhajar ta ce ke ce kika fi kowa shaƙuwa da shafinmu a wannan wata."

Haka na fito da shaidar zama ɗan Adam daga hannun hukuma. Ɗalibaina talatin sun yi komai daidai an ce injuna ne. Ni kaɗai na faɗi jarrabawar da na shirya da kaina, kuma faɗuwar ce ta sa aka ƙirga ni.

A hanyar gida na ga abin da ya kawar min da kunyar. Labulen falon Roelof a sake, da rana tsaka. A titinmu labule ba ya sauka da rana sai an yi rasuwa. Na ƙwanƙwasa. Ya daɗe kafin ya buɗe, kuma ta bayan kafaɗarsa na hango bargo da matashi a kan doguwar kujera.

"Rana ce ke damun idona," ya ce. Ana ta ruwa tun safe.

"Haka ne," na ce. "Ta yi yawa bana."

"Annemiek za ta zo ƙarshen watan gobe. Kada wani ya yi mata surutu."

"Wa zai yi? Kowa ya san rana ce."

Alhamis ta zagayo na tsaya gaban allo na ba da darasi mafi wuya a rayuwata. Na ce daga yau babu sha ɗaya. Kowa ya shiga lokacin da ya ga dama, ya ɓata hanya, ya danna abin da bai shafe shi ba, ya yi fushi, sannan ya lallaɓa ya isa ruwan ɗumi.

Roelof, wanda aka kawo a motar wani, ya ɗaga hannu.

"Maƙwabciya, ni ban taɓa makara ba a rayuwata. Ta yaya ake yi?"

"Ka jira lokaci ya wuce, sannan ka fara."

"In jira har ƙarfe nawa?"

"Ki nuna mana da kanki mana," in ji Hilke daga baya. "Ke da Allah ya ba baiwar."

Kwana biyun farko ba su yi kyau ba. Rabin ajin suka yanke shawarar makara tare, sha ɗaya da kwata daidai. Sai da na dawo na kafa doka ɗaya: a cire tabarau. Nan aiki ya kankama. Wata ta nemi izinin sare bishiyar da ba tata ba. Wani ya kai ƙarar fitilar titi mai lafiya. Hilke ta bar kyanwarta ta yi tafiya a kan madannai ta ce ta fi ta iya. Roelof kuwa, da hannun hagu kuma ba tabarau, ya kama wa kansa ranar ɗaurin aure a zauren majalisa, har aka aiko masa da saƙon taya murna.

"Wace ce amaryar?" Hilke ta tambaye shi. "In Aaltje ce, ka sani kullum sai ta ba ka maki."

"Wa zai aure ni da wannan ƙugun?" in ji Roelof.

"Ni dai kada a dube ni. Na yi sau ɗaya, ya ishe ni," in ji Hilke.

Ranar zaman majalisa muka cika kujerun baya na 'yan kallo, mu talatin, da sanduna da kekunan dogarawa an jera su a jikin bango. Masu girma suna gaba, kuma saboda allon yana bangon gaba, duk sun juya mana ƙeya. Aka haska taswirar. Shafin ruwan ɗumi ya yi jan da ban taɓa ganin irinsa ba, ya fi na shara.

Sarkin Duba ya miƙe ya yi bayani da muryar ɗalibin da ya haddace. Ya ce masu ziyara sun ƙaru ƙwarai, kuma duk mutane ne, manhaja ta tabbatar. Sai dai suna shan wahala kafin su isa shafin. Ya nuna kibiyoyinmu suna haukansu. Ya ce tunda shafin yana rikita jama'a haka, lambobin baya da aka dogara da su aka ce ba a sha'awar ruwan ɗumi ba abin dogaro ba ne, na yanzu ma haka. A ƙa'ida, in ji shi, ba a yanke hukunci a kan lambar da ba a amince da ita ba.

Mai Girma Sarkin Tsimi, wanda ya dawo daga bakin teku fatarsa ta yi kyau, ya karɓi magana. Ya ce zuciyarsa ta karaya da ganin wahalar da dattawan gari ke sha, dattawan da ya ce kullum suna ransa, muna zaune taku kaɗan a bayan ƙeyarsa. Ya ce ba zai lamunta ba. Za a kafa kwamiti. Za a ɗauko kamfani ya rushe shafin ya gina sabo. Da ya faɗi kuɗin aikin, na yi lissafi a kaina, sana'ata ce: zai ɗumama tafkin har sai mafi ƙanƙantarmu ya daina buƙatarsa. Kafin a gama sabon shafi, a kuma tara lambobin shekara guda a kansa, komai ya koma yadda yake a da, har da ruwan Talata. Aka ɗaga hannuwa. Aka wuce maganar wurin ajiye kekuna.

"Nasara ce wannan ko me?" Hilke ta raɗa min.

"Ruwa dai zai yi zafi."

"Kuma ba wanda ya waiwayo."

"Kada ki yi tari, su firgita."

A bakin ƙofa Sarkin Duba ya iso ni yana rungume da kwamfutarsa. Ya duba hagu da dama, sannan ya ce, "Na sake, Malama."

Na dube shi sama da ƙasa. "Shida cikin goma. Ka tsallake."

"Shida kawai?"

"Sauran huɗun suna ƙetaren dandali. Ranar Talata, ka zo da tawul."

Bai zo ba, amma ruwan ya zo. Talatar da ta biyo baya na tsoma ƙafar dama, ta ce min in shigo da sauran jikin. Roelof ya daɗe a ciki har yatsunsa suka yi tamoji. Ba a Talata ɗaya ya warware ba, ta biyu ce ta mayar da shi bene. Da Annemiek ta zo ƙarshen wata ta tarar da labule a ɗage, bargo a ninke cikin kabad, uban kuma yana saukowa daga sama yana mitar ta zo ba ta yi waya ba. Ta koma da hoton lambunta. Ta dai tsaya a ƙofata ta tambaye ni wace ce wannan da babanta zai aura, don ta ga saƙon majalisa a kan tebur. Na ce ta tambayi Hilke.

Masanan tsaro sun miƙa rahotonsu, sun ce harin ya tsaya da kansa saboda matakan da suka ɗauka. Kamfanin da zai gina sabon shafi ya rubuto yana neman in zama cikin masu gwaji, a matsayin wakiliyar 'yan gari masu rauni a harkar kwamfuta. An ce fim ɗin kibiyata suke nuna wa sababbin ma'aikatansu. Na karɓa. Mace ba ta ƙin muƙamin da ta samu da guminta.

Wasunku sun tare ni a kasuwa suna tambaya, to yanzu in akwatin ya faɗo me za su danna. Ku daina tambayata. Na koyar da ƙi, muka ɓace. Na koyar da tsari, muka zama injuna. Abin da ya cece mu shi ne abin da ban koyar ba.

Abu ɗaya ne ya so ya hana ni sukuni. Kamfanin ya yi alkawarin sabon shafin zai yi sauƙin da ba wanda zai ƙara ɓata a cikinsa, ko da ni ce. In haka ta faru, baɗi mun koma injuna, ruwa ya koma ƙanƙara. Na kwana biyu ina juya maganar, sai na tuna alkawari ne, kuma majalisa ce ta biya kuɗinsa. Tun daga nan hankalina ya kwanta.